Lemun da Aka Ara wa Hajiya

Malam Kailani ya ce tun da aka damƙa masa Lambun Nagoda, babu itace ko ɗaya da ya taɓa mutuwa a hannunsa. Ya faɗa a majalisar masu shayi ta bakin titi, ya faɗa a lasifika ranar Sallah, ya kuma faɗa wa surukinsa da bai tambaye shi ba. Kuma gaskiya ya faɗa.

Naja'atu, mai sayar da tikiti a bakin ƙofar lambun, ta san gaskiya ce, don da idonta take gani duk damina. Idan ranar dashen itatuwa ta zo, Baba Ɗantsoho, tsohon leburan da ya girmi katangar wurin, zai kwashe ganyen da ya taru a ramukan bara. Ramukan nan ba a taɓa cike su ba, baki kawai ake gyara musu. Sai a aika wurin Lawal mai renon shuka a hanyar Kwangila a aro dashe cikin baƙar leda. Manyan baƙi su zo, a nuna wa kowa raminsa, ya tsuguna iya inda tumbi ya ba shi dama, a saka shukar da ledarta, a watsa ƙasa sama-sama, a zuba ruwa da sabuwar buta. A tafa, a ɗauki hoto. Kafin motar ƙarshe ta sha kwana an zare shukokin an jera a baro, don Lawal yana da wani taron washegari. Dashe bai taɓa kwana a ƙasar lambun ba, balle ya samu sukunin mutuwa.

Kwamitin unguwa da ya ɗauki Malam Kailani “mai kula” ya ce masa. Shi ne ya ga kalmar ta yi masa kaɗan, ya ƙara wa kansa girma ya zama Darakta. Yana saka rigar leda mai ƙyalli irin ta masu gyaran titi a kan shadda, ko da rana ce tsaka, don kada mota ta buge shi a cikin lambun da ko keke ba ya shiga. Rabin maganarsa da “lokacin da nake waje karatu” take farawa. Wajen nan Kaduna ce. Kwas ne na ’yan kwanaki a wani otal, inda aka ba shi jaka da biro da kalmar “landiskef”, wato tsarin lambu a Turance, wadda har yau yake tatsa.

Ita kuwa Naja'atu karatunta a ƙaramar sakandare ya tsaya, shekarar da babanta ya rasu. Sauran ta tsinto a waya da tsofaffin jaridun da masu tsire suke naɗe nama. A baki, aikinta tikiti ne. A zahiri ita ce mai ba da hayar tabarma, mai raba faɗan yara a kan lilo, mai nuna wa baƙi bayi, mai riƙe wa amarya jaka idan an zo hoton kafin biki, ango yana ta kallon sama kamar wanda ya hango jirgi. Tana cikin ’yan damina, waɗanda ake ɗauka idan ciyawa ta yi ƙarfi da mutane suka yi yawa. Da ciyawa ta daina tsiro, Darakta zai tara su a gindin maina ya yi musu dogon jawabi a kan sadaukarwa, sannan ya sallame su sai Sallah. Bana tana so ta tsallake jawabin nan. Gwiwar Innarta ta fara ƙin tsugunnon suyar awara, kuma rani yana da tsawo.

Wata safiya, damina ta fara ja da baya, Darakta ya fito daga kwantenar da yake kira ofis, waya a hannu, hula ta karkace.

“Hajiya Mahbuba za ta zo,” ya ce.

“Allah ya kawo ta lafiya,” in ji Baba Ɗantsoho, bai daina wasa laujensa ba.

“Itacenta za ta gani.”

Tsohon ya dakata. “Wanne?”

“Wanda ta dasa shekarun baya.”

“To ai ina jin yana Kwangila. In ba a sayar ba.”

Hajiya Mahbuba shugabar wata ƙungiyar mata ce masu kishin muhalli, ita ta ba lambun lilo da tankin ruwa, kuma ana sa ran rijiyar burtsatse daga hannunta. A tarihin Lambun Nagoda babu babban mutumin da ya taɓa waiwayar abin da ya dasa. Wata amana ce tsakanin manya da ƙanana, ba a rubuta ba amma kowa ya riƙe, ga shi Hajiya ta tashi cin amanar da tsakar rana, har da masu kyamara.

“Wane iri ta dasa, Yallaɓai?” Naja'atu ta tambaya.

“Itace dai.”

Aka nemo hoton ranar a wayarsa. Ana ganin gyalen Hajiya, da hular Darakta, da gwiwar hannun wani bawan Allah. Shukar ba ta samu shiga ba.

Baba Ɗantsoho ya ce a nuna mata mainar bakin ƙofa. Darakta ya ce mainar nan ta girmi Hajiya, ko ta yi kusa. Tsohon ya ce to a saro reshe babba a kafa. Naja'atu ta ce reshe zai yi yaushi kafin Yallaɓai ya gama jawabin maraba. Darakta ya dube ta, ya ga fuskarta ba dariya, ya ɗauka yabo ne. Aka kira Lawal, ya ce duk nasa ba wanda ya wuce gwiwa, don ba ya barin su su girma, nauyi suke yi a baro.

A nan ne Naja'atu ta tuna da tsakar gidansu, kuma da ta yi shiru da ta huta.

Suna da lemun tsami a rabin duro. Babanta ne ya shuka shi haka lokacin suna haya a Gyallesu, ya ce ɗan haya ba ya shuka a ƙasa, don ranar da aka ce tashi, mai gida ne zai ci gado. Ya huda gindin duron da ƙusa, ya yi masa kunnuwa biyu da rodi. Suka tashi da shi zuwa Kwangila, suka tashi da shi zuwa Tudun Wada, sannan babanta ya yi tashin da ba a ɗaukar kaya. Tun daga nan Inna Ummuhani take zuba wa lemun ruwan alwalarta, tana ba shi labarin tsadar waken suya. Yanzu ya fi mutum tsawo, ya yi ’ya’ya har rassan sun sunkuya. Inna kuma ta tafi Dutsen Abba suna, ta ce za ta ɗan taya mai jego zama.

“Yallaɓai,” ta ce, “idan aka samu itace mai tafiya fa?”

“Mai me?”

“Mai tafiya. A duro yake. A binne duron, a rufe da ciyawa.”

Darakta ya ce a gaskiya abin da yake shirin faɗa ke nan, sun yi irinsa lokacin da yake waje.

“Wuni ɗaya,” in ji Naja'atu. “A kawo da safe, a mayar da yamma. Na Innata ne, ba ta nan.”

“Wuni ɗaya.”

“Batun rani kuma fa?”

“Ki ɗauka kin zama ta dindindin. Famanan.”

Ta lura bai ce “za a duba” ba, sai ta ɗauka abin da gaske ne.

Isiyaku mai amalanke ne ya ɗauko shi da sassafe, shi da Baba Ɗantsoho, suna nishi suna ambaton Allah a kowane kwalbati. Matan gidan suka leƙo.

“Naja, tashi za ku yi ba sallama?”

“A’a. Lemun ne ya samu aiki a ofis.”

“To Allah ya sanya alheri. Ya riƙa tunawa da mu.”

A lambu aka faɗaɗa ɗaya daga cikin ramukan gado, aka zura duron har bakinsa ya ɓace, aka yanko ciyawa da ƙasarta daga bayan tanki aka shimfiɗa a kai. Darakta ya sa a shafa wa gindin farar ƙasa, kamar yadda ake shafa wa duk abin da ba ya motsi a lambun idan baƙi za su zo: duwatsu, tayoyin da aka binne rabi, har turmin da wata ta manta. Aka rataya allo a reshe: ITACEN HAJIYA MAHBUBA. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, Darakta ya sake goge rigar leda.

Hajiya ba ta zo ba. Uzuri ya taso mata.

Da la’asar Naja'atu ta ce a kira Isiyaku.

“A tono, gobe a sake binnewa?” in ji Darakta. “Ciyawar za ta nuna. Gobe-goben nan za ta zo.”

Goben ta zo ita kaɗai. Jibi ma haka. Daga nan aka ce sai wani makon, Hajiya tana taron ƙasa da ƙasa a kan itatuwa.

A gida duron a kan duwatsu yake zaune, ruwa ya shiga ya fita ta hujin ƙusa. A nan kuwa rami ne mai laka, ga ruwan ƙarshen damina mai saukowa kamar da fushi. Ruwa ya kwanta a ƙarƙashi ba hanyar fita. Ganyen ya fara rawaya daga ƙasa. Naja'atu ta jawo teburin tikitinta zuwa inda za ta riƙa hango shi, tana yaga tikiti da ido ɗaya.

“Kai, mai jar hula! Sake reshen nan.”

“Guda ɗaya fa, Anti.”

“Ko ganye. Ka je ka tsinki na gidanku.”

’Yan makaranta suka tsinka, masu hoton biki suka jingina, wata mata ta cika bakin zaninta ta ce ai kayan al’umma ne. Akuyar maigadi ta ɗanɗana farar ƙasar, ta ga ba laifi, ta wuce zuwa ɓawo. Darakta kuwa ya samu sabon wurin tsayuwa. Duk wanda ya shigo sai ya ja shi gindin lemun ya ba shi tarihi: yadda aka kawo shi ɗan mitsitsi, yadda ya riƙa zuwa dubiya ko ranar hutu, yadda ya taɓa fama da wata tsutsa ya yi nasara. Kowace rana tarihin yana ƙara reshe, itacen yana rage ganye.

Ranar da Inna ta dawo, Naja'atu ta same ta a tsakar gida, ko mayafi ba ta cire ba, tana kallon duwatsun da da’irar tsatsa a tsakaninsu.

“Sannu da zuwa, Inna. Ya mai jego?”

“Ina yake?”

“Yana nan lafiya.”

“Ban tambaye ki lafiyarsa ba.”

Naja'atu ta faɗa mata komai, har da famanan. Inna ta saurara, ta zauna a bakin rijiya a hankali saboda gwiwa.

“A ƙasa kuka sa shi?”

“Da duronsa, Inna.”

“A ƙasar mutane.” Ta dubi duwatsun. “Ubanki ya tura shi a baro daga Gyallesu, rana tana dukansa, ya ƙi yarda a taya shi. Masu gida nawa suka so shi, ban ba su ba. Ke kin ba mai rigar leda.”

“Aro ne.”

“To je ki karɓo aronki.” Ta miƙe ta shiga ɗaki. Da magariba Naja'atu ta ga ta yi alwala a wurin da ta saba, ruwan yana zuba a kan duwatsu, yana bin rariya.

Washegari ta sami Darakta a kwantena yana gwada murmushi a baƙin gilashin waya.

“Yallaɓai, Inna ta dawo. Tana son lemunta.”

“Wane lemu?”

“Na duro.”

Ya ajiye wayar, ya dube ta da tausayi irin na malami ga ɗalibin da ba ya ja. “Naja'atu, itacen Hajiya kike nufi? Ki riƙa lura da harshenki. Itacen nan yanzu yana cikin landiskef. Mutane sun san shi. Jiya ma wani ɗalibi ya ce zai yi rubutu a kansa.”

“Ruwa yana kashe shi.”

“A hannuna? Ba a taɓa yi ba.” Ya gyara hula. “Ranar Asabar Hajiya za ta zo, an tabbatar. Bayan nan a zauna a duba. Ki tuna da rani.”

Ta fita ta sami Baba Ɗantsoho yana kwashe laka daga magudanar ruwa.

“Baba, ya ce na Hajiya ne.”

“Jiya ya ce min shi ya zaɓo irin da hannunsa,” in ji tsohon. “Har ya tambaye ni ko na tuna. Na ce tsufa ya fara taɓa ni.”

Asabar ɗin Hajiya ta zo da gaske. Da safe an tsince rawayen ganye an ɓoye a bayan tanki, an sake shafa farar ƙasa a kan cizon akuya. Lemun da ya rage a sama ne kawai, inda hannun al’umma bai kai ba. An ba Naja'atu aikin riƙe faranti, a kansa sabon ƙaramin shebur da aka ɗaura wa koren ƙyalle. Ta ce wa Isiyaku ya tsaya da amalankensa a bayan katanga, da an watse a tono.

Motoci suka tsaya, mata suka fito cikin anko kore, turare ya kori warin taki. Hajiya Mahbuba doguwa ce mai jiki, da tabarau a saman goshi da wani a ido. Darakta ya tare ta da sauri har rigar leda tana ƙara.

Jawabin maraba ya yi tsawon da aka sani. Ya gode wa Allah, ya gode wa Hajiya, ya gode wa damina. Ya ce lokacin da yake waje an koya musu cewa itace kamar ɗa yake, shi kuwa bai taɓa binne ɗa ko ɗaya a lambun nan ba. Matan suka tafa. Sannan aka ɗunguma zuwa gindin lemun.

Hajiya ta tsaya ta sauke tabarau na sama ta ɗora a kan na ƙasa, ta dafa ƙirji.

“Allahu Akbar. Shi ne. Wallahi na gane shi.”

“Ai ba ya ɓoyuwa, ranki ya daɗe,” in ji Darakta.

“Kun ga wannan ɗan lanƙwasar? Tun yana ƙarami yake da ita. Na ce musu a lokacin, wannan zai yi albarka.”

Matan suka tabbatar sun ji ta faɗa. Wata ta ce har kamanninta ya ɗauko, dogo mai kwarjini. Mai kyamara ya durƙusa.

“Amma ya na ga kamar ya rame?”

“Sauyin yanayi ne, ranki ya daɗe. Kilaimet. Amma kada ki damu, saiwarsa ta yi nisa. Na auna. Ta wuce laka, ta wuce tsakuwa, yanzu haka tana shan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ko motar katako aka ɗaura masa ba zai gusa ba.”

Hajiya ta ji daɗi har ta juya ga kyamara. Ta ce itace irin wannan bai kamata a bar shi haka ba. Ta zo da birkila. Yau-yau ɗin nan, kafin ta tafi, za a zagaye gindin da siminti, a yi dakali na zama, a kafa allon dutse da sunan ƙungiya, a sa ƙarfe kewaye don kada hannu ya kai. Duk wanda ya zo bayan shekara ɗari ya same shi a nan.

Aka yi guɗa. A bayan rumfa Naja'atu ta hango birkilan har ya fara kwaɓa siminti, yana zuba ruwa daga tankin da Hajiya ta bayar.

Ta dubi Darakta. Darakta yana tafi da hannu bibbiyu, yana kallon wani wuri sama da kanta. Ta matsa kusa, faranti a hannu.

“Yallaɓai,” ta ce ƙasa-ƙasa, “siminti fa.”

“Famanan,” ya ce ta gefen baki, murmushin bai motsa ba.

Ta koma wurinta. Ta yi tunanin rani, da gwiwar Inna, da jawabin sadaukarwa a gindin maina. Ta yi tunanin ruwan alwala yana bin rariya. Farantin ya yi mata nauyi.

“Kafin a rufe,” in ji Hajiya, “na zo masa da tsaraba.” Direbanta ya kawo ɗan buhun taki daga gonarta. Ta ce da hannunta za ta tona ta zuba masa, yadda ta dasa shi da hannunta. “Ina shebur?”

Darakta ya yi wuf ya nuna wani wuri can nesa da gindin, wajen da babu komai sai ƙasar Allah. “Nan, ranki ya daɗe. A kimiyyance daga nesa ake ba shi.”

Naja'atu ta durƙusa ta miƙa farantin, kanta a ƙasa, muryarta kamar mai faɗin kuɗin tikiti.

“Hajiya, can hoton ba zai ɗauko ki da itacen ba. Nan kusa ya fi. Ga wuri mai laushi.” Ta nuna da yatsa daidai inda ciyawar aro ta haɗu da ta gida.

Hajiya ta dubi mai kyamara. Mai kyamara ya ce gaskiya yarinyar ta fi shi ido. Hajiya ta tattare gyale, ta ɗora takalmi a kan shebur, ta danna da dukkan nauyin da Allah ya ba ta.

Ƙwang!

Guɗar da wata ta ɗauko ta tsaya a rabi.

“Dutse ne, ranki ya daɗe,” in ji Darakta. “Yankin nan akwai duwatsu. A koma can.”

Amma Hajiya ba ta zama shugaba don tana jin “a koma can” ba. Ta matsa kaɗan ta sake dannawa. Ƙwang! Ta sake matsawa. Ƙwang! Dutsen yana bin ta a zagaye. Ta sa bakin shebur ta ɗaga ciyawar, sai ciyawar ta taso gaba ɗaya kamar darduma, ta kife gefe. Ga bakin ƙarfe mai tsatsa, ga kunnen rodi a tsaye, ga ruwa baƙi yana wari a kewaye.

“Darakta, mene ne wannan?”

“Fasaha ce, ranki ya daɗe. Lokacin da nake waje…”

“Ke,” Hajiya ta juya ga Naja'atu. “Mene ne wannan?”

“Duro ne, ranki ya daɗe.”

“Na ga duro ne. Na wa?”

“Na Innata. Lemun ma nata ne. Aro muka bayar na wuni ɗaya, ga shi ruwa yana cinye shi. Idan an gama hoton, tana jira.”

A bayan rumfa birkila yana ta juya siminti, don shi ba a gaya masa ba. Naja'atu ta ajiye farantin a kan kujera, ta cire jakar tikiti daga wuyanta ta ɗora a kai, don ta san ba sai an yi mata jawabi ba. Ta je bakin katanga ta ɗaga murya.

“Malam Isiyaku! Shigo da ita.”

Amalanke ta shigo tana ƙara, ta ratsa tsakanin anko kore, matan suna janye zani. Baba Ɗantsoho ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama kunne ɗaya, Isiyaku ya kama ɗayan.

“A hankali, Baba,” in ji Isiyaku. “An ce ko motar katako.”

“Bismillahi dai.”

Suka ɗaga. Laka ta yi wani tsotso, duron ya fito, ruwa yana tsiyaya ta hujin ƙusa kamar rariya. Suka ɗora shi a amalanke. Naja'atu ta miƙa hannu ta ciro allon daga reshe, ta goge shi da bakin hijabi, ta miƙa wa Hajiya da hannu biyu. Sannan ta dafa duron ta gefe don kada ya girgiza, suka nufi ƙofa.

Hajiya ta tsaya da allo a hannu. Ta matsa bakin ramin, ta sunkuya ta leƙa. Matan ƙungiya suka leƙa. Mai kyamara ya leƙa da kyamararsa. Ramin sumul yake kamar cikin tukunya, zagayayye, da ɗan ruwa a ƙasa da wani kwaɗo da aka tasa daga barci.

“Darakta,” ta ce, ba ta ɗago ba. “Zo ka nuna min saiwar da ka auna.”

Malam Kailani ya matso, rigar leda tana ƙyalli a rana, ya leƙa shi ma. Ya daɗe yana leƙawa. Babu ko tsinke.